Gashi Uku a Kan Bismarck

Ran 17 ga Nuwamba 1860 mujallar Punch ta Landan ta fito da wani zane da ya cika shafi guda. Sarki Victor Emmanuel ne zaune a kujera, yana fama da wani dogon takalmi irin na mahaya doki, an rubuta Italiya a jikin takalmin. Ga Garibaldi durƙushe a gabansa yana taya shi cusa ƙafa. A ƙarƙashi an sa magana a bakin Garibaldi, wai ranka ya daɗe, in ya ƙi shiga a ƙara masa hoda. Turawan wancan zamani kan barbaɗa hoda cikin matsattsen takalmi don ƙafa ta zame, kuma a Turanci sunan hodar nan da na albarushi ɗaya ne. Iyakar zanen ke nan: mutum biyu, kujera, takalmi, da layi guda na rubutu.

To amma dubi abin da aka ƙunsa a ciki. Duk wanda ya taɓa kallon taswira ya san ƙasar Italiya siffar takalmi gare ta. A watan Mayu na shekarar, Garibaldi ya sauka Marsala a tsibirin Sisili da 'yan sa-kai kimanin dubu, ya ci tsibirin, ya ƙetaro, ran 7 ga Satumba ya shiga Napoli. Kusan duk kudancin ƙasar ke nan a hannunsa, kuma shi mutum ne da ya tashi cikin masu neman jamhuriya, waɗanda ba sa ga-maciji da sarauta. Duk da haka a ƙarshen Oktoba ya tari sarki kusa da Teano, ya miƙa masa abin da ya ci da yaƙi, ya koma gonarsa a tsibirin Caprera. Durƙuson ke nan. Takalmin kuwa bai gama shiga ba domin Rum na hannun Paparoma, sojan Faransa na gadinsa, Benis na hannun Ostiriya, tsohon sarkin Napoli kuma ya kulle kansa cikin ganuwar Gaeta. Ba a sami Benis ba sai 1866, Rum kuwa sai 1870, kuma kowacce sai da aka ƙara hodar.

Marubucin sharhi sai ya cinye shafi biyu kafin ya warware wannan, kuma da wuya ya faɗi abin da zanen ya faɗa ba tare da ya buɗe baki ba, wato wanda ya sha wahalar yana ƙasa, wanda zai taka takalmin yana kan kujera. Abin da ke burge ni ke nan game da masu zanen barkwanci na ƙarni na 19. Masu iya zana fuska da doki sun yi yawa a Turai ta lokacin, ba a nan gizo ke saƙar ba. Gwani shi ne wanda za a ba shi yaƙin da ya ci dubban rayuka, da yarjejeniya mai sharuɗɗa barkatai, da sarakuna biyar kowa da abin da ya ƙulla a ransa, ya yi ta zubarwa yana zubarwa har ya rage motsi ɗaya tak da kowa ya saba gani, kamar sa takalmi ko kifa hula. In ya dace da motsin, mai kallo ne zai cike sauran da kansa.

Kakan sana'ar a wannan fanni James Gillray ne. A 1805 ya zana Firayim Ministan Ingila William Pitt da Napoleon zaune a teburi, duniya a faranti tsakaninsu tana tururi, Pitt na yankar teku, Napoleon na yankar Turai ido a zare don haɗama. Shi ne kuma ya dinga zana Napoleon ɗan firit cikin ƙaton takalmi da ƙatuwar hula, har yau ana ɗaukar mutumin gajere, alhali tsayinsa daidai yake da na yawancin Faransawan zamaninsa. Farantin nan bai bar teburi ba. Shekara 80 bayan haka, lokacin taron Berlin kan rabon Afirka, wata jaridar Faransa ta zana Bismarck, wazirin Jamus, riƙe da wuƙa, gabansa kek an rubuta masa Afirka.

Kafin a yaba tunanin, ya kamata a san wahalar hannun, don zanen nan ba a takarda yake ƙarewa ba. A Punch, kowace Laraba da dare edita da marubuta da masu zane kan zauna cin abinci a teburi ɗaya, in an kwashe kwanuka a shiga gardamar batun da babban zanen mako zai ɗauka. John Tenniel, wanda ya shiga mujallar a 1850, ya gaji kujerar babban mai zane bayan rasuwar John Leech a 1864, ya riƙe ta har 1901, yakan tashi daga teburin nan da batu a hannu. Alhamis ya juya shi a takarda, Juma'a ya zana shi da fensir mai tauri kai tsaye a kan katako, kafin dare ɗan aike ya zo ya karɓa. Katakon ba irin na kafinta ba ne. Wani itace ne mai tsananin tauri, a gicciye ake yanka shi, a goge fuskar ta yi sumul. Da yake itacen ba ya kauri, ƙananan gutsattsari ake ɗaurewa da noti su zama allo ɗaya, kuma a gidajen buga mujallu in lokaci ya ƙure akan kwance su a raba wa masassaƙa, kowa ya yi nasa, a sake ɗaurewa. Aikin masassaƙi, wanda a Punch shagon Joseph Swain ke yi, shi ne ya bi layin fensir ya ƙwaƙule duk farin da ke tsakani, ya bar layin a tsaye don shi tawada za ta hau. Wato zanen asali a bakin ƙarfe yake mutuwa, in masassaƙi ya kauce da gashin ido guda, fuskar minista ta sauya, ba gyara. Ga shi kuma komai a juye ake zana shi, abin da ke dama a katako hagu zai fito a takarda, har rubutun da ke jikin takalmi ko tuta. Tenniel ya yi wannan fiye da sau 2,000, da ido ɗaya, don tun yana ɗan shekara 20 ya rasa ganin ɗayan a wasan takobi da mahaifinsa.

Babbar matsalar katako jinkiri. Abin da aka zana Juma'a sai Laraba zai isa hannun mai karatu, dole mai zane ya yi kirdadon inda duniya za ta kwana nan da kwana biyar. A farkon Fabrairu 1885 Punch ta yi kirdado ta sha ƙasa. Ana jiran labarin rundunar da aka tura ceto Janar Gordon a Kartum, sai Tenniel ya zana Gordon yana gaisawa da kwamandan da ya zo cetonsa, sojoji na sowa. Ashe tun ran 26 ga Janairu mutanen Mahadi sun shiga birnin sun kashe Gordon. Labarin ya iso Landan mujalla na kan teburan masu sayarwa. Mako na gaba aka fito da Birtaniya a siffar mace ta rufe ido da damtse, take kuma ya ce an makara.

A Paris hanyar dabam ce. Can dutse ake amfani da shi, dabarar da wani Bajamushe mai suna Alois Senefelder ya gano a ƙarshen ƙarni na 18. Tushenta shi ne ruwa da maiƙo ba sa haɗuwa. Ana kawo falalen dutse daga mahaƙar Solnhofen a Bavaria, a goge fuskarsa da yashi da ruwa har ta daidaita. Mai zane ya ɗauki baƙin alli da aka haɗa da kakin zuma da sabulu da kitse da kunkunniya, ya zana kai tsaye. Ba ya yarda tafin hannunsa ya taɓa dutsen, don maiƙon yatsa ma fitowa zai yi a takarda. In ya gama, mai bugu ya shafe dutsen da ruwan ƙaro da aka ɗiga wa asid kaɗan. Ƙaron nan dai na jikin dakwara, wanda malamai ke sa wa tawada, kuma a wancan ƙarni akasarinsa daga kogin Sanagal da Sudan yake isa Turai. Ƙaro ya kama duk inda alli bai taɓa ba, ya sa wurin ya riƙa riƙe ruwa. Sai a jiƙa dutse, a mirgina tawada mai maiƙo a kai, ta kama zanen ta ƙi wurin da ke jiƙe, a ɗora takarda a matse. In an gama bugun a goge dutsen, a mayar wa mai zane ya yi na gobe.

Ribar wannan hanya ita ce babu masassaƙi tsakanin mai zane da mai kallo. Yadda hannu ya danna, yadda ya sassauta, inda ya yi rawa da gangan, haka zai fito. Kuma ba wanda ya ci moriyar dutse kamar Honoré Daumier, haifaffen Marseille a 1808, wanda ya bar zane kusan 4,000 na irin wannan bugu, akasarinsu a jaridar Le Charivari.

Ga misali ɗaya. Ran 3 ga Yuli 1866 sojan Purushiya suka karya na Ostiriya a Sadowa, yaƙin duka bai wuce mako bakwai ba. Abin da ke bakin kowa a Turai bindigar Purushiya ce, ƙirar Dreyse, wadda ake ɗurawa ta gindi, soja na kwance rub-da-ciki yana ɗuri yana harbi, alhali ɗan Ostiriya sai ya miƙe ya ɗura tasa ta baki. Ana ta yabon fasaha. Daumier ya jira har 1 ga Nuwamba, lokacin da Faransawa ke ziyarar kaburbura, ya fitar da zanen da ya kira mafarkin maƙerin bindigar. Fili ne shimfiɗe iyakar ganinka, cike da gawarwaki, ga mutum ɗaya tsaye yana murmushin wanda aikinsa ya yi kyau. In ka ƙura ido, na kusa ne kawai ke da siffar mutum sosai. Na nesa 'yan karkatattun layuka ne da alli ya ja a gurguje, amma ido na ƙirga su mutane, har can inda ƙasa ta haɗu da sama. Da a katako ne, masassaƙi zai so ya tsabtace layukan nan ya daidaita su, da kuwa ya kashe zanen.

Makami mafi kaifi a hannun waɗannan mutane, in ka lura, manyan ne ke ba su shi da bakinsu. Magana zarar bunu ce, kuma mai zane ba ya mantuwa. Lokacin yaƙin Kirimiya an yaɗa cewa Sarkin Rasha Nicholas na Ɗaya ya yi alfaharin yana da janar biyu da ba sa ba shi kunya, Janairu da Fabrairu, wato sanyin hunturu zai gama masa da sojan Ingila da Faransa da suka yi wa Sebastopol ƙawanya. Sanyin kuwa ya yi ɓarna ƙwarai. Leech da kansa ya zana sojoji biyu cikin tsumma a kan ƙanƙara, ɗaya na yi wa ɗaya albishir za a ba su lambar yabo, ɗayan na cewa an kyauta, wataƙila wata rana a ba su kwat ɗin da za su maƙala ta. Sai ga Nicholas ya kwanta ciwon huhu, ya mutu ran 2 ga Maris 1855, wanda a kalandar Rasha ta lokacin 18 ga Fabrairu ne. Leech ya zana ƙwarangwal sanye da kakin janar, ya ɗora hannu a ƙirjin sarki a kan gado, take ya ce Janar Fabrairu ya ci amana.

Daumier ya fi shi haƙuri. A Oktoba 1852, a birnin Bordeaux, Louis-Napoleon da ke shirin ɗarewa gadon sarautar Faransa ya kwantar wa Turai da hankali, ya ce daula ita ce zaman lafiya. Daga nan aka yi Kirimiya, aka yi Magenta da Solferino a 1859, aka yi Meziko, aka ƙare a Sedan, inda ya miƙa wuya ga Purushiya ran 2 ga Satumba 1870. Shekara 18 ba mai ikon taɓa maganar nan da alli, domin dokar 1852 ta hana buga kowane zane sai da izinin hukuma. A Oktoba 1870, Jamusawa na kewaye da Paris, Daumier ya zana kufai na hayaƙi da gawa yashe a ƙasa, ya rubuta maganar sarki a ƙarƙashi yadda take, ko wasali bai ƙara ba.

Haka ya yi wa jakadu da kalmarsu ta daidaiton Turai, wai a bar manyan ƙasashe ƙarfi ya zo ɗaya don kada wata ta haɗiye wata. A Afrilu 1867, ana buɗe babban baje kolin duniya a Paris, Faransa da Purushiya kuma na hararar juna a kan Luxembourg, ya ce to ga daidaiton. Mace ce mai suna Turai tsaye a kan ƙwallon bam, lagwani na ci, ta baza hannuwa tana neman kada ta faɗi. Ni a ganina takunkumin hukuma ya yi wa Daumier rana ba da nufi ba. Tun da ba dama ya zana sarki ko ministocinsa, sai ya koma zana Turai, da Zaman Lafiya a siffar ramammiyar mace, da Mutuwa. Ministocin an manta da su tuni, sai masanin tarihi ya gaya maka wane ne wane. Mace a kan bam kuwa ba ta bukatar tafinta.

Wanda na fi so cikin duk zanen haɗin kan Jamus daga Biyana, babban birnin Ostiriya, ya fito, a mujallar Kikeriki, cikin Agusta 1870. Jamusawa na da salon magana, in an sasanta masu ra'ayi dabam-dabam sai a ce an tara su ƙarƙashin hula ɗaya, kuma shekara da shekaru masu kishin ƙasa ke mafarkin ranar da Bavaria da Baden da Württemberg da sauran ƙasashen Jamusawa za su shiga hular nan. Mai zanen ya nuna musu hular. Wani ƙaton hannu ne ke sauko da kwalkwalin sojan Purushiya, mai tsinin nan a ka, zai kife shi a kan wasu 'yan mitsi-mitsin mutane. Wata biyar bayan haka, ran 18 ga Janairu 1871, aka naɗa Sarkin Purushiya Wilhelm sarkin Jamus duka, a fadar Versailles ta Faransa da aka ci. A sani dai Ostiriya ce aka tisa ƙeyarta daga harkar Jamus a 1866, saboda haka akwai haushi a alƙalamin. Haushin bai hana shi gani daidai ba.

Sai batun fuska. Mawaƙin fada in zai yi wa abokin hamayyar ubangidansa zambo ba ya bukatar kama suna. Ya ɗauko abu ɗaya a jikin mutum ko a halinsa, tafiya ce ko haƙori ko rowa, ya yi ta nanatawa har duk gari in an ambaci abin an san wa ake nufi. Haka mai zane ke farautar alama ɗaya da za ta tsaya a madadin mutum duka, kuma wanda ya nuna ƙarfin wannan a gaban alƙali shi ne Charles Philipon, mai mujallar La Caricature, ubangidan Daumier. A Nuwamba 1831 aka gurfanar da shi kan cin mutuncin Sarki Louis-Philippe. Ya ɗauki takarda ya yi zane huɗu. Na farko fuskar sarki ce sak, mai faɗin muƙamuƙi da tsukakken goshi. Na biyu ya rage mata wani abu, na uku ya ƙara ragewa, na huɗu ya zama ɗan itacen nan da Faransawa ke kira poire, mai ƙaramin kai da faɗin gindi. Hujjarsa ita ce in kama da sarki laifi ne, na farko ya yi kama da na biyu, na biyu da na uku, na uku da na huɗu, sai ku ɗaure duk wanda ya zana ɗan itace. Bai tsira ba, wata shida aka yanke masa da tarar faran 2,000. Amma kafin a ankara bangayen Paris sun cika da hoton ɗan itacen, yara na zana shi da gawayi, ɗan sanda kuma in ya goge ya amsa ke nan cewa ya gane sarkinsa. Daumier ma ya sha wata shida a 1832, don ya zana sarkin a matsayin ƙaton mai haɗama da ake ɗura wa kuɗin talakawa a baki. A Satumba 1835 gwamnati ta gaji, ta kafa doka cewa rubutu ya fita a hukunta daga baya, amma zane sai an gani kafin a buga, bisa hujjar cewa shi zane da ido yake magana, har da idon wanda bai iya karatu ba. Ban san yabon da ya fi wannan ba. An ɗage dokar, an maido, har André Gill ya zana hukumar tacewar a 1874 a siffar tsohuwa mai gilashi riƙe da almakashin da ya fi ta tsawo. Sai 1881 aka rabu da ita.

A Berlin, Wilhelm Scholz na mujallar Kladderadatsch ya dubi sanƙon Bismarck ya dasa masa gashi uku a tsaye. Daga nan ba ya bukatar sauran jikin. Ƙoƙon kai ya leƙo daga bayan labule da gashi uku, kowa ya san waziri na wurin. Napoleon na Uku, wato Louis-Napoleon ɗin nan, gashin baki ne murɗaɗɗe mai tsini biyu da ɗan gemu da ƙaton hanci. Cavour, wazirin da ya ƙulla haɗin Italiya da wasiƙu yayin da Garibaldi ke ƙulla shi da takobi, ƙaramin gilashi ne a zagayayyar fuska, haka masu zanen Il Fischietto na Turin suka riƙe shi. Ƙasashe ma kowace da alamarta da mai karatu ya haddace: John Bull na Ingila mai tumbi, Michel na Jamus da hular barci, mikiyar Ostiriya mai kai biyu. Wasu suka mayar da taswirar kanta zane. A 1870 Paul Hadol ya cusa kowace ƙasa cikin iyakarta a siffar mutum, Purushiya ƙaton soja ya danne Ostiriya da gwiwa ya miƙa hannu kan Holan. A 1877 Fred Rose ya mai da Rasha dabbar tekun nan mai hannu takwas, kowane hannu ya naɗe wata maƙwabciya.

Ba zan ce duk wanda ya iya wannan sana'a ya yi abin kirki da ita ba. Dabarar da ke rage mutum ya zama gashi uku ita ce ke rage al'umma guda ta zama dabba. Punch ta daɗe tana zana 'yan Ailan masu neman 'yanci da muƙamuƙin biri, kuma hannun Tenniel na ciki. Kikeriki ta ƙare da ƙiyayyar Yahudawa. Kladderadatsch, da aka kafa a 1848 don yi wa masu mulki dariya, ta caccaki Bismarck a farkon mulkinsa, amma da ya fara cin yaƙi sai ta koma 'yar amshin shatarsa. Bayan Sedan kuma masu zanen Paris da suka yi gum shekara da shekaru suka yi caa a kan sarkin da ya riga ya faɗi, da matarsa, wasu da batsa tsagwaronta, Hadol ya mai da shi ungulu. Dalilin da ya sa nake ɗora Daumier sama da su ke nan. A watannin nan shi filin gawarwaki ya fi damunsa. Ya zana akwatin zaɓe da ƙuri'un amincewa da aka ba sarki a Mayu 1870, da Faransa tana nuna akwatin da hannu ɗaya, gawarwaki da ɗayan, don masu jefa ƙuri'ar ma su ɗauki nasu kason. A Janairu 1871 ya zana sabuwar shekara a siffar mace cikin baƙin takaba, ta rufe fuska, ta razana da gadon da aka bar mata. Lokacin ya haura sittin, ganinsa ya fara raguwa.

A Maris 1890 matashin sarki Wilhelm na Biyu ya rabu da Bismarck bayan kusan shekara 28 yana riƙe da gwamnatin Purushiya. Ran 29 ga watan Punch ta fito da zanen Tenniel da har yau ake bugawa a littattafan tarihi na makarantun Jamus. Gefen ƙaton jirgin ruwa ne da tsani, Bismarck na sauka cikin kayan jagoran jirgi, hannu ɗaya dafe da jikin jirgin, sarki kuma ya jingina a sama da kambi a ka, ya harɗe hannuwa yana kallonsa. Ba a karkata hancin kowa ba, ba a kumbura cikin kowa ba. Dabarar tana cikin zaɓen sana'ar da aka ba tsohon. Jagoran jirgi shi ne wanda ke hawa ya bi da jirgi ta mashigi mai duwatsu, in an fita fili a sauke shi, haka aikin yake. Saboda haka mai goyon bayan sarki zai ce an fita haɗari, lokacin saukarsa ya yi. Mai goyon bayan Bismarck zai ce yaro ya sallami wanda ya san inda duwatsu suke. Tenniel bai raba gardamar ba, ya bar ta a harɗe cikin hannuwan sarki.

Kladderadatsch kuwa ta yi nata bankwanan a watan. Ta zana tsohon waziri zai tafi, ya mayar da muƙamai da alamun mulki, sannan ya waiwayo ya miƙa wa mujallar gashinta uku, tun da dai aronsu aka ba shi.